Gida Biyu Maganin Gobara: Labarin Mutanen Mai Wurno

Duk wanda ya taso daga Jalingo, hedkwatar Jihar Taraba, ya nufi Kurmi neman abinci, ba makawa sai ya bi ta Nukkai. Unguwa ce a bakin gari kan hanyar Wukari, ga kogi ga gada, duk suna amsa sunanta. Daga nan sai Wukari, sai Makurɗi, sa'an nan kowa ya kama gabansa, wani Inugu, wani Anaca, wani Fatakwal, wani kuwa sai Badun ko Ikko. Mutanen Jalingo ba su san yawan amfanin gadar nan ba sosai sai cikin watan Agusta na shekarar 1905 da ɗari, watau 2005, sa'ad da ambaliyar ruwa ta karya ta, mutane da yawa suka riga mu gidan gaskiya, hanyar Kudu kuma ta yanke.

Galibin masu ƙetare gadar nan kalma ɗaya suke bar wa mutanen gida, ita ce, sai an yi ruwan shuka. Wasu sukan cika alkawari. Wasu kuwa damina takan zo ta wuce, wata ta biyo ta, har a yi aure a can, a haifu, a aurar da 'ya'ya, mutum yana nan yana cewa baɗi zai koma. To, akwai wata jama'a da ta tashi daga ƙasar nan tun shekarar 1903, ta yi gabas, har yau jikokinta da tattaɓa-kunnenta suna can bakin Kogin Nilu a ƙasar Sudan. Labarinsu abin dubawa ne ga duk wanda ke zaune a Sabo ko Zango, domin tambayar da ta dame su ita ce ke jiran 'ya'yansa: ina ne gida?

DAGA SAKKWATO ZUWA BURMI

Ran 15 ga watan Maris 1903 Turawan Ingila suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru ɗan Ahmadu, wanda bai cika wata shida a kan gado ba, ya ƙi zama ƙarƙashin Nasara, ya ɗauki tutar Shehu ya fita hijira. Tun zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo akwai magana a bakin malamai cewa ƙarshen al'amarin jama'a gabas za ta yi, can wajen Nilu da Makka, inda za a sadu da Mahadi. Saboda haka da labari ya bazu cewa Sarkin Musulmi ya tashi, sai mutane suka yi ta barin gonaki da gidaje suna bin sa, sarakuna da malamai da talakawa, maza da mata, daga ƙasar Kano da Zazzau da Katagum da Misau, har abin ya tsorata Turawa.

Ayarin ya yada zango a Burmi, kusa da dutsen Bima a ƙasar Gwambe. Ga mutumin Jalingo wannan ba baƙuwar ƙasa ba ce, domin Hammaruwa wanda ya kafa sarautar Muri ɗan'uwan Buba Yero ne na Gwambe, kuma a lokacin nan Jalingo kanta shekararta goma kacal da kafuwa a hannun Sarkin Muri Muhammadu Nya. An gwabza a Burmi cikin watan Mayu, Turawa suka ja da baya. Suka sake shiri suka komo ran 27 ga watan Yuli 1903. A ran nan Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada tare da mutum fiye da 600, Allah ya jiƙansu. A ɓangaren Turawa ma an kashe shugaban rundunar, Manjo Mash.

Wani abu da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, tun kafin a kai ga Burmi gida ya riga ya ci gaba da harkarsa. Kwana shida bayan faɗuwar Sakkwato Gwamna Lugga ya tabbatar da sabon Sarkin Musulmi, shi ma sunansa Muhammadu Attahiru, ɗan Aliyu Babba. Kasuwa ta ci gaba da ci, aka yi shuka da damina. Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

AN GUJE WA NASARA, AN TARAR DA SHI

Ɗan marigayin, Muhammadu Bello, wanda ake yi wa laƙabi da Mai Wurno, shi ya tattara waɗanda suka tsira ya ci gaba da su gabas. Suka ratsa ƙasashen Tafkin Cadi da Wadai da Darfur, a ƙafa da bisa jakuna, ana tafiya ana tsayawa a yi noma a sami guzuri, wasu na mutuwa a hanya, wasu na yankewa su zauna inda ƙarfinsu ya ƙare. Wajen shekarar 1906 suka kai bakin Shuɗin Nilu, wanda Larabawa ke kira Nilul Azraƙ, kudu da garin Sinnar. Da fari suka sauka a Shaihu Ɗalha, daga baya suka ƙetare kogi suka kafa garin kansu.

Abin mamaki, Turawan da suka guje wa a gida su suka tarar suna mulkin Sudan, domin tun 1898 Ingila da Masar suka karya daular Mahadi a Umdurman. Amma a nan buƙatar Bature dabam ce. Yaƙe-yaƙe da yunwa sun rage mutanen ƙasar ƙwarai, ana neman hannuwan noma ido rufe. Sai hukuma ta ba Mai Wurno ƙasa, ta amince da shi shugaban jama'arsa. Garin ya ɗauki sunansa, shi kuwa sunan ya samo asali ne daga Wurno ta ƙasar Sakkwato, ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, inda kabarinsa yake. Watau dai mutanen sun bar gida, amma sun ɗauko sunan gida sun dasa shi a bakin wani kogi. Har yanzu zuriyarsa ke riƙe da sarautar garin, ana kiran mai riƙe da ita Sultan.

ALHAZAN DA BA SU KAI BA

Mutanen Burmi ba su kaɗai ba ne. Kafin jirgin sama ya zama abin hawan alhazai, hanyar Makka ta ƙasa ce: Kano, Maiduguri, Fot Lami wadda yanzu ake kira Njamena, Abeshe, Janaina, har Ubayyid inda ake samun jirgin ƙasa, sa'an nan Bur Sudan ko Sawakin a shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Talaka yakan yi shekara biyar, goma, ko fiye a kan hanyar nan, yana ƙwadago yana tara kuɗin gaba. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe manyan gonakin auduga na Jazira, sai aikin ya sami ma'aikata daga cikin waɗannan bayin Allah. Hausawa da Fulani da Barebari suka zama 'yan cirar auduga, galibinsu suna zaune a 'yan ƙauyuka na gefen gona da ake kira kambo. Wasu suka bazu Gadarif da Kasala da Damazin suna noman dawa da riɗi, suna su a kogi. Mutanen ƙasar suka haɗa su duka suka sa musu suna Fallata ko Takari.

Wani masani mai suna Bawa Yamba ya zauna da irin waɗannan Hausawa, ya fitar da littafi a kansu a 1995. Abin da ya gani shi ne, har jikan da aka haifa a Sudan, wanda ubansa ma can aka haife shi, yana ɗaukar kansa matafiyi ne mai niyyar Makka. Da yawa ba su gina gida mai ƙarfi ba, domin a ganinsu mai wucewa ba ya kafa tubali. Wanda ya san zaman Sabo ba zai yi mamakin wannan ba. Akwai dattijon da ya shekara arba'in a ɗakin haya a Agege, kuɗin da zai sayi fili yana da shi, amma kullum zancensa shi ne ai shi baƙo ne.

Duk da haka sun bar alamarsu a ƙasar. Cikin naman da ake so a titunan Hartum akwai agashe, wanda ko daga jin sunansa an san daga bakin Bahaushe ya fito, ɗan'uwan tsire ne da ƙuli-ƙulinsa da yajinsa. A'ishatul Fallatiya, wadda ta rasu a 1974, tana cikin matan farko da suka yi waƙa a gidan rediyon Umdurman, kuma har yau Sudan na alfahari da ita. Sai dai harshe yana ja da baya. Farfesa Al-Amin Abu Manga na Jami'ar Hartum ya yi nazari tun 1986 a kan yadda Larabci ke cin Fillancin Sudan a hankali, kalma bayan kalma. Yaron da ya yi makaranta da Larabci, ya yi ciniki da Larabci, da wuya ya riƙe harshen kakansa sai in an dage a cikin gida.

TAKARDA DA ƘASA

Matsalar da ta fi ci musu tuwo a ƙwarya ita ce ta zama ɗan ƙasa. Dokar da Sudan ta yi a 1957, shekara ɗaya bayan samun mulkin kai, ta ce cikakken ɗan ƙasa shi ne wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun kafin 1898. Da wannan ƙa'ida ɗaya aka bar mutanen Burmi da alhazan bayansu a waje, alhali kuwa da yawansu ba su san wata ƙasa ba sai ita. Daga baya an sassauta dokar, amma abin da ya shiga zukatan mutane bai fita da sauƙi ba. Kalmar Fallata ta daɗe tana ɗauke da raini a bakin wasu.

Cikin watan Yuli 2022 abin ya fashe a Jihar Shuɗin Nilu. Hausawan jihar sun nemi a ba su sarautar gargajiya ta kansu. A Sudan kuwa sarauta da ƙasa tare suke tafiya, saboda haka wasu ƙabilun wurin suka ɗauki neman a matsayin neman mallakar ƙasarsu, suka ƙi. Rikici ya tashi a Rusairis da kewayenta, aka kashe mutum fiye da 100, dubbai suka bar gidajensu. Hausawa suka fito zanga-zanga a Hartum da Kasala da Gadarif da Bur Sudan. Cikin watan Oktoba wutar ta sake kamawa a Wadal Mahi, inda aka rasa rayuka wajen 200. Mutanen da kakanninsu suka yi shekara ɗari suna noma ƙasar aka wayi gari ana ce musu baƙi.

Ba a gama jinyar wannan ba sai babban yaƙi ya ɓarke ran 15 ga watan Afrilu 2023 tsakanin sojan Sudan da rundunar ko-ta-kwana ta Janar Hamidati. Gwamnatin Tarayya ta kwaso ɗalibai da sauran 'yan Nijeriya masu fasfo ta Masar da Bur Sudan. Amma jikan mutumin Burmi ba shi da fasfon Nijeriya, ba shi da gidan da zai nufa a Sakkwato ko Gwambe, ba wanda ya san shi a can. A 2024 yaƙin ya kai Jihar Sinnar kanta, har hedkwatarta Sinja ta faɗi cikin watan Yuni, soja suka ƙwato ta a Nuwamba. A can ana ce masa baƙo, a nan kuma an manta da shi.

WASU MUTANE A TURAI

Irin wannan jarrabawa ba ta Bahaushe kaɗai ba ce. A arewacin Turai akwai wata 'yar ƙasa da ake kira Latbiya, mutanenta ba su kai miliyan biyu ba. Tarayyar Sobiyat ta mamaye ta a 1940, Jamus ta ƙwace a 1941, sa'an nan Sobiyat ta komo a 1944. Mutum fiye da 100,000 suka gudu yamma, wasu cikin ƙananan jiragen ruwa zuwa Suwidin, mafi yawa zuwa Jamus, inda suka yi shekaru a sansanonin 'yan gudun hijira kafin su watsu Amurka da Kanada da Ingila da Ostareliya. Su ma da fari sun ɗauka zaman na ɗan lokaci ne.

Da suka ga tafiya ta miƙa sai suka yi abu biyu a lokaci guda. Suka karɓi takardun zama 'yan ƙasa a inda suka sauka, suka sa 'ya'yansu makarantun wurin, suka sayi gidaje. Sa'an nan kuma suka buɗe makarantun ranar Asabar inda ake koya wa yara harshen gida da tarihinsa, suka kafa jaridu da ƙungiyoyi, suka riƙa taruwa don bikin waƙoƙin gargajiya, wanda aka fara yi a Amurka a birnin Shikago a 1953. Da ƙasarsu ta sami kanta a 1991, kaɗan ne suka koma da zama, domin gidan da suka bari ya sake, su ma sun sake. Amma hanya ba ta toshe ba. Wata mata mai suna Vaira Vike-Freiberga, wadda aka fita da ita tana yarinya, ta girma a Jamus da Maroko da Kanada, ta koma gida a 1998, a 1999 aka zaɓe ta shugabar ƙasa, ta yi shekara takwas tana mulki. Abin da ya ba ta wannan dama shi ne iyayenta ba su bar harshen ya mutu a bakinta ba, kuma ƙasar da ta riƙe ta ta ba ta ilmi.

SABO DA ZANGO

Mazauna Kurmi sun fi mutanen Mai Wurno sa'a nesa ba kusa ba, tun da ƙasa ɗaya ce, kuma tafiyar kwana ɗaya ko biyu ce a mota. Tsarin mulki na 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya ikon zama inda ya so a sashe na 41, sashe na 43 kuma ya ba shi ikon mallakar fili ko gida a ko'ina cikin ƙasar. Zaman ma ba na jiya ba ne. Sabon Badun tun 1916 aka kafa shi. Wani masani, Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar a farkon shekarun 1960, ya nuna yadda fataucin goro da shanu ya tsayu bisa amana, mai gida ya sauke fatake, ya tsaya musu a kan bashi, Sarkin Hausawa ya raba gardama, masallaci ya haɗa kowa. Haka abin yake a Shagamu da Agege.

Amma daɗewa ba ta hana abin da ya faru a Shagamu a Yulin 1999 ba, ko na Idi Araba a Ikko a Fabrairun 2002, ko na kasuwar Shasha a Badun a Fabrairun 2021, inda aka yi hasarar rayuka da dukiya a kowane ɓangare. Haka nan a Gana, cikin Nuwamban 1969, gwamnatin Busiya ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita, mutanen zango da yawa da aka haifa a can suka hau mota zuwa garuruwan da ba su taɓa gani ba.

Akwai kuma wata matsala da ba ta da ƙara amma tana cizo, watau takardar shaidar asali. Yaron da aka haifa a Agege, ya iya Yarbanci kamar ɗan gari, in ya tashi shiga jami'a ko aikin soja ko na gwamnati sai a ce ya kawo takardar ƙaramar hukumarsa. Inda aka haife shi a ce masa ba nan ne asalinsa ba. Ya hau mota ya zo Jalingo, a tambaye shi wane ne mai unguwarku, wa ya san ubanka, ya rasa amsa, domin uban ya rasu bai taɓa kawo shi gida ba, gonar gado kuma 'yan'uwa sun raba tun tuni. Wannan yaro ƙanen mutumin Mai Wurno ne, ko da yake bai bar ƙasarsa ba.

ABIN YI

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Amma wanda ya haifi 'ya'ya a wuri ya wuce raɓa, ko ya yarda ko bai yarda ba. Saboda haka wajibi ne mai iyali ya kafu inda yake zaune. Ya karɓar wa kowane yaro takardar haihuwa, ya sa shi makarantar boko tare da ta allo, in ya sayi fili ko rumfa ya riƙe takardunsu a hannu, ya yanki katin zaɓe a unguwarsa, ya koyi harshen masu masaukinsa, ya halarci sunansu da jana'izarsu. Maƙwabcin da aka ci gishiri tare da shi, shi ke ɓoye mutum ranar tashin hankali.

Sa'an nan kada ya saki na baya. Zumunta a ƙafa take. Aika kuɗi ta waya yana da kyau, amma ba ya sa dagaci ya san fuskar yaro. A kai yara gida da salla ko lokacin hutu, su kwana ɗakin kakarsu, su san gonar gidansu da kabarin kakansu, a gabatar da su ga mai unguwa, a karɓar musu takardar asali tun uban yana da rai. A yi musu magana da harshen gida a cikin gida, Hausa ce ko Fillanci ko Mumuye ko Jukun. Ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya da ke taruwa a Sabo da Zango su ma suna da aiki a nan, su riƙe sunayen 'ya'yan da aka haifa a Kurmi, su sanar da masu gari a gida.

Mutanen Burmi ba su da zaɓi. Bindiga ce a bayansu, hamada a gabansu, hanyar komawa kuma ta fi ƙarfin ƙafa. Wanda ya ƙetare gadar Nukkai yana da zaɓi, domin an gyara gadar, motoci na bi ta kanta safe da yamma, masu zuwa da masu komowa. Gida biyu maganin gobara ne, amma sai in an riƙa share duka biyun. Allah ya ba mutanen Sudan zaman lafiya, ya kai kowane matafiyi gida lafiya, amin.